Daga Dungurum Zuwa Kogin Oli: Tarihin Gandayen Dajinmu da Yadda Muka Koma Baƙi a Cikinsu



Duk shekara idan hutun makarantu ya matso, tambaya ɗaya ce ke yawo tsakanin iyaye da malamai: ina za a kai yara su buɗe ido? Wani ya ce Yankari, wani ya ce gidan zu na Kano, wani ya ce a tafi Abuja kawai a ga manyan gine-gine a dawo. Da wuya ka ji an ambaci Kainji. Alhali kuwa gandun dajin tarayya na farko da aka kafa a Najeriya, mafi yawansa a cikin jiharmu ta Neja yake, kuma daga Zungeru tafiyar yini ɗaya ce a mota. Ga Alawa a gabas da mu, ga Dagida a yamma, ga Kamuku a arewa. Mun zauna a tsakiyar gandayen daji kamar gwaiduwa a cikin ƙwai, amma yawancinmu ba mu taɓa taka ƙofar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Amsar da kowa zai bayar a yau ita ce rashin tsaro, kuma gaskiya ne. Sai dai tun kafin 'yan bindiga su tare a waɗannan dazuzzuka mun riga mun ɗauke ƙafa daga cikinsu. Yadda aka yi haka ta faru shi ne abin da nake so mu bi tare, domin tarihin ya biyo ta ƙofar gidanmu.

ƘASAR DA KOGUNA SUKA SHATA

Wanda ya duba taswirar Jihar Neja zai ga koguna ne suka tsara ta. Kogin Kwara, wanda Turawa suka kira Neja, ya shigo ta wajen Yawuri ya gangara Bussa da Jebba, sannan ya karkata gabas ya bi ta ƙasar Nupe. Kogin Kaduna ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratsa Shiroro, ya wuce ta gabanmu a Zungeru, ya karɓi ruwan Mariga, ya je ya faɗa Kwara a Muregi. Gurara kuma ta biyo ta gabas ta zuba nata a can ƙasa. Tsakanin waɗannan koguna daji ne na doka da kaɗanya da maje da kirya da ɗorawa, ga kurmi mai duhu a bakin kowane rafi.

Irin wannan ƙasa ita namun daji ke so, saboda ko rani ya tsananta ba a rasa gurbin ruwa. Shi ya sa kakanninmu suka san giwa da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo, suka san zaki da damisa da kura, suka san dorina da kada da ayu a cikin ruwa. Sunayen da yaranmu ke ji a tatsuniya kaɗai, su da ido suka gan su.

Kuma dajin yana da masu shi. Gwari da Kamukawa da Kambari da Nufawa da mutanen Borgu, kowace al'umma ta san iyakar dajinta. Akwai sarkin dawa ko shugaban maharba da ke faɗin lokacin fita farauta, wanda galibi sai an gama kawar da amfanin gona. Akwai sarkin ruwa da ke tsare gurabe, ba a shiga su sai ranar da ya ba da izini. Akwai kurmin da ba a sa masa gatari ko kaɗan saboda al'ada. Maharbin da ya kashe babbar dabba ya san kason da zai kai wa mai gari. Baƙo ba ya shiga daji da kwari da baka bai gaida masu wurin ba. Ba a rubuta waɗannan ƙa'idoji a takarda ba, amma wanda ya karya su ya san a gaban wa zai tsaya.

Abubuwa biyu ne suka sa wasu sassan suka zauna babu mutane sosai. Na farko ƙudan tsando, mai kashe shanu da dawaki, da kuma ɗan baƙin ƙudan nan na bakin kogi mai jawo makanta. Na biyu yaƙe-yaƙe da hare-haren kamun bayi na ƙarni na 19, musamman bayan Umaru Nagwamatse ya kafa Kontagora da zamanin ɗansa Ibrahim, lokacin da ƙauyuka da dama suka watse, mutane suka koma kan duwatsu. Gonakin da aka gudu aka bari suka koma daji. Da Turawa suka zo suka tarar da shi haka, sai suka ɗauka ƙasa ce da ba ta da mai ita.

ZAMANIN GWAMNA LUGGA

A ranar 1 ga Janairun 1900 aka ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, aka shelanta cewa Arewa ta shiga ƙarƙashin mulkin Turawa. Lugard, wanda Hausawa suka sa wa suna Gwamna Lugga, ya fara zama a Jebba. A farkon 1901 sojojinsa suka ci Kontagora da Bida. A 1902 ya dawo da hedikwatarsa nan Dungurum, sunan da bakin Bature ya mayar Zungeru.

Kogi ne ya kawo shi. Da damina jiragen ruwa na iya hawowa Kaduna daga Kwara har zuwa wajen Wushishi da Barijuko. Daga nan aka shimfiɗa ɗan siririn layin dogo zuwa Zungeru tsakanin 1901 da 1902, kuma shi ne layin dogo na farko a duk Arewacin Najeriya. Daga baya da babban layi ya iso, aka kwashe ƙarafunan ƙaramin aka yi amfani da su a layin da ya tashi daga Zariya zuwa ƙasar kuza ta Jos. Garin ya cika da sojoji da akawuna da leburori daga ko'ina. A cikin 'ya'yan akawunan nan ne aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904. Odumegwu Ojukwu ma a nan aka haife shi a 1933, bayan hedikwata ta daɗe da tashi.

Ina ruwan wannan da gandun daji? A watan Mayun 1900 ƙasashen Turai masu mulkin mallaka suka sa hannu a wata yarjejeniya a Landan kan kare namun dajin Afirka. Abin da ya dame su shi ne giwa na ƙarewa saboda cinikin haure, cinikin da su da kansu ne manyan masu sayensa. Daga wannan tunani ne dokokin farauta suka fito a ƙasashen da suke mulka. A 1916, daidai lokacin da ake shirin kwashe hedikwata daga Zungeru zuwa Kaduna, gwamnatin Lugga ta fitar da dokar kare namun daji da kuma dokar gandun daji. Aka kasa dabbobi gida-gida: waɗanda ba a taɓawa sam, da waɗanda sai da lasin. Aka ba gwamnati da En'e ikon su shata daji su ce daga yau an killace shi.

A nan ne al'amari ya juya. Jami'in Bature mai kuɗin yankar lasin ya zama mafarauci na halal, maharbin da ya gaji sana'ar tun kaka da kakanni ya zama mai laifi idan ya harbi abin da doka ta hana. Sarkin dawa ya koma gefe, malamin daji mai kaki da littafin rasit ya maye gurbinsa. Dokar ta ceci wasu itatuwa da dabbobi, wannan ba a musu. Amma ta shuka wani abu a zukatan mutane wanda har yau bai fita ba: daji na gwamnati ne, abin da ya same shi ba ruwanmu.

Da Turawa suka koma Kaduna, har gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa da Lugga ya kafa a nan a 1904 sai da aka kwance aka tafi da ita. Yau tana Ƙofar Gamji, a wurin shaƙatawa na Janar Hassan Usman Katsina da ke bakin Kogin Kaduna, kuma tun 1956 aka sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa. Mutane na zuwa suna ɗaukar hoto a kanta. Mu kuma aka bar mu da ginshiƙan gidan gwamna da makabartar Turawa, ciyawa na cinye su.

DAGA EN'E ZUWA GWAMNATIN TARAYYA

An daɗe ana killace daji don katako da kare bakin koguna kafin a zo ga killace shi don dabbobi da masu ziyara. Dajin Kamuku na ƙasar Birnin Gwari, misali, tun 1936 yake gandun En'e. Wurin da aka fara keɓewa musamman don namun daji shi ne Yankari a ƙasar Bauchi, a 1956, aka kuma buɗe shi ga jama'a a watan Disambar 1962. A farkon shekarun 1960 ɗin nan ne gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe dajin Borgu, tsakanin Kogin Kwara da iyakar Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yanzu. A 1963 ta yi tata dokar ta namun daji.

Sai ga madatsar ruwa ta Kainji. An fara aikin a 1964 zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka gama a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a farkon 1969. Ruwan da aka tare ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. Ya haɗiye tsohon garin Bussa, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka a cikin kogi a 1806, tare da tsibirai da ƙauyuka masu yawa. Sama da mutum 40,000 aka tasa aka sake musu matsuguni, aka gina Sabuwar Bussa. Tafkin ya jawo masunta daga nesa, hanyar mota ta jawo manoma da 'yan kasuwa. Dajin da ƙudan tsando ya tsare shekara da shekaru ya wayi gari da maƙwabta ta kowane gefe.

A 1971, lokacin muna ƙarƙashin Jihar Arewa maso Yamma mai hedikwata a Sakkwato, aka keɓe Zugurma da Dagida da Alawa a matsayin gandayen namun daji. A tsakiyar shekarun 1970 aka haɗe Borgu da Zugurma ƙarƙashin kulawa ɗaya, sannan Dokar Soja mai lamba 46 ta 1979 ta tabbatar da su a matsayin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji. Shi ne na farko a Najeriya. Idan aka tuna cewa Amurka ta kafa nata na farko, Yellowstone, tun 1872, za a ga mun makara da fiye da shekara ɗari. A lokacin Borgu tana Jihar Kwara, sai a watan Agustan 1991 aka dawo da ita Neja, shi ya sa har yau wani yanki na gandun yake cikin Kwara. A 1991 ɗin ne kuma aka kafa hukumar kula da gandayen dajin ƙasa, a 1999 aka ɗaga Kamuku zuwa wannan matsayi.

A lura da tafiyar: daga hannun mai gari zuwa En'e, daga En'e zuwa Kaduna, daga Kaduna zuwa Sakkwato da Ilori, daga nan zuwa Legas da Abuja. Kowane mataki ya ƙara wa dajin daraja a takarda, ya kuma ƙara nisanta mai yanke hukunci daga mutumin da gonarsa ke jingine da iyakar dajin.

ABIN DA KE CIKIN KAINJI

Faɗin gandun ya kai murabba'in kilomita 5,340. Ɓangaren Borgu, a yammacin tafki, shi ne babba, kusan 3,970. Ɓangaren Zugurma, a gabas, kusan 1,370. Ba su haɗe da juna ba, tafki da garuruwa sun raba su.

Mai tashi daga Zungeru yakan bi ta Wushishi ya sauka Bida, ya kama hanyar Mokwa, daga Mokwa ya juya arewa. Zai wuce ta gefen Zugurma da Ibbi, ya tsallaka ta wajen madatsar, ya shiga Sabuwar Bussa, daga nan sai Wawa inda ake shiga ɓangaren Borgu. Ran wannan ɓangare shi ne Kogin Oli, wanda ya taso daga ƙasar Benin ya ratsa tsakiyar dajin kafin ya faɗa Kwara. Da rani Oli yakan tsinke ya bar gurabe masu zurfi, kuma a nan ne komai ke taruwa. Dorina na kwance cikin ruwa sai hanci da kunnuwa, kada na shan hantsi a kan yashi, garken mariya na saukowa shan ruwa, gwaggon biri na zaune a kan duwatsu yana kallon mai kallonsa. A bakin wannan kogi aka gina masaukin baƙi.

Lokacin ziyara shi ne rani, daga Disamba zuwa wajen Afrilu ko Mayu, bayan an yi ƙunar farko ciyawa ta kwanta, ido na iya kaiwa nesa. Da damina ciyawa kan fi mutum tsawo, hanyoyi su lalace. Ana fita da sassafe ko da la'asar sakaliya, domin da rana tsaka dabba na cikin inuwa. Ba a shiga sai da jami'in gandu a cikin mota, ba a shiga da makami, ba a sauka inda ba a ce a sauka ba. Waɗanda suka je a shekarun 1980 suna ba da labarin gwanki da kanki da ɓauna garke-garke, da gadu na gudu da wutsiya a tsaye, da burtu na taku a bakin hanya.

Zaki ma yana cikin lissafi. Wani binciken masana da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, kuma a wurare huɗu kacal: Niokolo-Koba a Senegal, dazuzzukan da suka haɗa iyakar Benin da Burkina Faso da Nijar, sai Kainji da Yankari. Wato a faɗin Najeriya wuri biyu ne suka rage wa manya na dawa, ɗaya a jiharmu. Dabbar da muke sa wa sarakunanmu sunanta, muke zana ta a jikin motocinmu, ta kusa zama labari.

Ba dabbobi kaɗai ake gani a wannan tafiya ba. A Sabuwar Bussa akwai kwalejin tarayya ta koyon kula da namun daji, wadda aka kafa a 1978, da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa. Akwai madatsar kanta, da fadar Mai Borgu, da bikin Gani. Ɗalibin da ya yi kwana biyu a can zai dawo da abin da zango guda a aji ba zai ba shi ba. Gani ya kori ji.

NA JIHA: ALAWA, DAGIDA DA GURARA

Gandayen da suka rage a hannun jiha ba su sami ko rabin gatan Kainji ba. Alawa, a Ƙaramar Hukumar Shiroro, da Dagida, kowannensu ya kusa murabba'in kilomita 300. An shata su, an sa su a littafin gwamnati, amma ba a yi musu abin da zai kawo mai ziyara ba: hanya, masauki, isassun ma'aikata. Gandun da ba shi da ƙofar shiga ta baƙi, ta ɓarayin katako da masu gawayi kaɗai ke aiki. A ƙarshen 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a mayar da wurare goma gandayen dajin ƙasa, ciki har da Alawa, da Falgore ta Kano, da Kogo ta Katsina. Labari ne mai daɗi, sai dai ya zo a lokacin da mutanen Alawa kansu ke neman inda za su kwana lafiya.

Wurin da ya ci gaba da karɓar baƙi shi ne magangarar ruwan Gurara, a kan hanyar Minna zuwa Suleja, inda kogi ke faɗowa daga tsayin kusan mita 30 a kan duwatsu. Da damina rugugin ruwan kan hana ka jin maganar na kusa da kai, da rani kuma ya lafa har a sauka ƙasa a zauna. Me ya raya Gurara? Tana kusa da kwalta, tana kusa da Abuja, kuma mutanen ƙauyen da ke wurin suna samun na cefane daga masu zuwa. Haka Dutsen Zuma, wanda hotonsa ke jikin tsohuwar takardar naira 100. Inda ƙafa ke zuwa, ido na kai.

Mu ma nan an ƙara mana ruwa. Bayan Kainji, an yi madatsar Jebba a 1985, ta Shiroro a 1990 mai ƙarfin megawat 600, sai tamu ta Zungeru mai megawat 700, wadda aka fara a 2013 aka kammala bayan shekara goma. Ta tara sabon tafki a bayan gari, ta kuma tashi ƙauyuka kamar yadda Kainji ta yi. Abin da ya faru a Borgu shekara hamsin da suka wuce, na zuwan baƙin masunta da saran itace da cunkoson gonaki a bakin ruwa, shi ne ke ƙofarmu yanzu.

DA BANGO YA TSAGE

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shekara da shekaru ma'aikatan gandu na fama da ƙarancin motoci da kayan aiki, suna tsaron dajin da ya fi ƙarfin adadinsu. Masu farautar sata suka fara, masu saran madobiya da maɗaci suka biyo, masu haƙar zinariya suka shigo. Makiyaya kuma, da burtali da makiyaya suka ƙare a waje saboda noma, suka tura shanu ciki. Mutanen ƙauyukan gefe suna gani, amma wa za su gaya wa, kuma don me? An riga an gaya musu dajin ba nasu ba ne.

Daga nan ɓarayin shanu suka gane cewa babu mafaka kamar dajin da doka ta hana kowa zama a ciki, gwamnati kuma ba ta iya tsare shi. Kamuku ta haɗe da Kuyambana ta Zamfara, Kogin Mariga ne kawai a tsakaninsu, daga nan kuma daji bai yanke ba har Alawa. A 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye suka haɗa kai aka tura jami'an tsaro Kamuku. An ƙwato shanu, amma da aka janye sai ɓarayin suka dawo da manyan makamai. Sauran labarin a jikinmu ya ƙare. A watan Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai da malamai a makarantar kimiyya ta Kagara. A watan Afrilun shekarar Gwamna Abubakar Sani Bello ya faɗa da bakinsa cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure. A ƙarshen Mayu aka ɗebi yaran Islamiyya sama da ɗari a Tegina. A watan Agustan 2023 aka yi wa sojoji kwanton ɓauna a yankin hanyar Zungeru zuwa Tegina, jirgin sama mai saukar ungulu da ya je ɗauko waɗanda suka jikkata ya faɗi a ƙasar Shiroro. Kainji ma ba ta tsira ba, masu ɗauke da makamai sun shiga ɓangaren Borgu, ziyara ta tsaya.

Ba mu kaɗai ba ne. Gandun W, wanda Nijar da Benin da Burkina Faso suka yi tarayya a kansa, wanda aka sa wa suna saboda yadda Kwara ta lanƙwasa a wurin kamar wannan harafi, shi ma ya faɗa irin wannan hali. Ko'ina salon ɗaya ne: an fitar da masu wuri, mai gadi ya yi rauni, wani ya zo ya tare.

ABIN DA TARIHIN KE NUNA MANA

Maganar gaskiya ita ce yau ba wanda zai ce a ɗebi yara a nufi Oli ko Alawa. Rai ya fi buɗe ido. Duk mai niyyar zuwa Kainji ya fara tuntuɓar ofishin gandun a Sabuwar Bussa da jami'an tsaro, idan suka ce a dakata, a dakata. Korar 'yan bindiga aikin gwamnati ne, kuma haƙƙinmu ne mu ci gaba da nema.

Amma ranar da aka kore su, wa zai riƙe dajin? Idan aka koma tsarin 1916, na jami'i daga nesa da mutanen gari a matsayin waɗanda ake zargi, to bango zai sake tsagewa. Akwai inda aka gwada wata hanya. Namibiya ta yi doka a 1996 da ta ba ƙauyuka ikon kula da namun dajin yankinsu da cin moriyar kuɗin masu ziyara, kuma dabbobi sun ƙaru a wurare da dama. A nan gida, a gandun Gashaka Gumti na Taraba da Adamawa, an ɗauki samarin ƙauyukan gefe aikin gadin daji, aka horar da su, aka ba su albashi. Ɗan maharbi ya fi kowa sanin sawun dabba da sawun baƙo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka idan maganar mayar da Alawa gandun ƙasa ta tashi, tambayoyin da ya kamata wakilanmu da sarakunanmu su yi su ne: mutum nawa za a ɗauka aiki daga ƙauyukan da ke kewaye? Wane kaso na kuɗin shiga zai dawo musu? Ina aka tanadar wa makiyayi, ina aka bar wa mata su tsinci ƙwaran kaɗanya da ɗorawa? Waɗannan tambayoyi su ya kamata a yi a kan bakin sabon tafkinmu tun kafin gatari ya gama da shi.

Kafin nan akwai abin da ke hannunmu. Kangon gidan gwamna da makabartar Turawa da tsohuwar tashar jirgi suna nan cikin gari, ba sai an yanki tikiti ba. Malamai su kai ɗalibai, a nuna musu inda aka mulki Arewa na shekara goma sha huɗu. A kai su bakin Kaduna a gaya musu daga ina ta taso, ina za ta. Idan hanya ta yi kyau a kai su Gurara. Dattawan maharba da masunta da suka rage a unguwanninmu, a zauna da su da waya a naɗi abin da suka sani: sunan kowane gurbi, inda dorina ke kwana a da, shekarar da aka ga giwa ta ƙarshe. Yaron da ya san sunan itace da sunan rafi, shi ne gobe zai ji zafi idan aka ce za a sayar da su. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, haka ma daji.

Wanda ya taɓa zuwa Kainji a shekarun baya, ko yake da tsohon hoto, ko mahaifinsa ya yi aikin gandu ko aikin jirgi a Zungeru, don Allah ya ajiye mana a ƙasa mu haɗa mu adana. Inda kuma wani ya san abin da ya fi wanda aka kawo a nan, ƙofa a buɗe take.

Allah Ya ji ƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Amin.

Sakatare